Idon da Aka Yi wa Aiki a Takarda

Ka gani, kada ka ce ba ka gani ba. A gabanka akawun asibiti ya miƙa wa mutane takardar inshora wadda ba a rubuta komai a ciki ba, ya ce su sa hannu, kai kuma ka kau da kai don layi ya yi tsawo. To, zauna ka ji abin da wannan hali ya jawo wa gidan wata mai ɗinki.

Mijinta direba ne a kamfanin sabulu, shekara goma sha tara yana jan babbar mota. Ciwon yanar ido ya rufe masa idon hagu, ga shi saura mako uku a yi wa direbobi gwajin gani, wanda ya faɗi a karɓe makulli. Likita ya ce aikin bai wuce rabin awa ba, inshorar ma'aikata za ta biya. Sai ga amsar kamfanin inshora: an riga an yi wa wannan idon aiki bara, ba a biyan ido ɗaya sau biyu.

Mai ɗinki ta karanta wasiƙar a kan kekenta, ta ɗaga kai. Mijin ya duƙufa yana gyaran madaurin agogon da bai lalace ba.

"Baban yara, yaushe aka yi maka aiki ban sani ba? A mafarki?"

"Kuskuren kwamfuta ne."

"Kwamfuta ce ta sa hannunka? Ga shi nan, har da 'yar ƙugiyar da kake yi a ƙarshe."

Ta san halin kayanta. In yana da gaskiya faɗa yake yi, in ya yi laushi akwai lauje cikin naɗi. Sai da ta ajiye almakashi ta tare ƙofa sannan ya buɗe baki. Bara wani ƙaramin asibiti ya kafa rumfa a harabar kamfaninsu, wai gwajin ido kyauta. Aka ba kowane direba tabarau da ɗan kuɗin mai, ya sa hannu a takardu uku. Su talatin da ɗaya, shugaban direbobi ne ma yake kiran suna.

Washegari ta tasa shi gaba zuwa ƙaramin asibitin nan. Ɗakin rajista ƙarami ne, fanka tana ƙugi, fayiloli ɗaure da roba sun kai rufi. Akawun, wanda direbobi ke kira Sa-nan, bai nemi fayil ɗinsu ba, yana kan tebur tun kafin su shigo. Wa ya ce masa suna tafe? Ta saci kallon mijinta.

"Sarkin tuƙi da kansa! Hajiya, bismillah, ga kujera. Ai wannan ba abin tashin hankali ba ne. Mu rubuta na dama, likita ya yi na hagu. Inshora takarda take dubawa, ba ido ba."

Direba ya kai hannu ga biro.

"Juyo mini da kwamfutar tukuna," in ji ta.

"Hajiya, doka ta hana."

"Yau ka san doka?"

Ta zagaya bayan teburin ta leƙa. A rubuce, idon dama ma an yi masa aiki, wata huɗu bayan na hagu. Sa-nan ya yi 'yar dariya, ko kunya babu.

"Af, na sha'afa! To ai ke ma kina cikin katinsa. Naki biyun suna nan, ba a taɓa su ba."

"Ba a taɓa ba tukuna, ko? Da su nake zura zare a allura, ɗan nema."

Ta fizge biron, ta ja mijinta suka nufi ofishin inshora. Jami'ar da ke karɓar koke ta saurare su tana duba wayarta. Ta ce ya rubuta cewa ba a yi masa aiki ba, ya faɗi abin da ya karɓa, ya kawo abokan aiki biyu su shaida. Ya rubuta ya miƙa mata. Mai ɗinki ta lura ba a ɗora takardar a kan sauran koke-koke ba, cikin aljihun tebur aka jefa ta. A bango kuma kalandar asibitin nan ce a rataye.

Kwana goma sha takwas direba yana bin mutum talatin. Wannan ya ce matarsa ta kusa haihuwa, wancan ya ce bai tuna wata rumfa ba. Shugabansu ya ja shi bayan gareji ya ce, "Haba ɗan'uwa, saboda ido ɗaya za ka tona mana asiri? Tare muka ci fa."

Ranar gwaji aka rufe masa idon dama, aka nuna masa allo. Ko babban harafin sama bai gani ba. Kafin azahar ya miƙa makulli. Yanzu a shagon matarsa yake wuni yana guga, in motar sabulu ta wuce ya juya wa titi baya.

Shaidu biyu kacal aka nema. Kai mai katin inshora a aljihu, je ofishinsu gobe da safe, ka ce a buga maka jerin duk aikin da aka ce an yi maka. Karanta shi layi-layi. In ka ga wanda ba a yi ba, rubuta koke da sunanka, kuma kada ka fita sai an buga hatimi a kwafinka. In wani ya nemi ka tsaya masa shaida, tashi ka bi shi.