Cokalin da Matar Direba Ta Rantse a Kansa

"Kwana huɗu ke nan ko ruwan shayi ba ta haɗiya," in ji Auta, tana tsaye a bakin ƙofa da kwano a hannu. "Yogot ɗinta kawai take kira. Na zaga gidan nan kaf."

Matar Direba ta tokare ƙofar da ƙugunta, kada idon Auta ya kai kan tukunyar da ke lulluɓe da bargo a bayan kujera.

"Ki sayo mata na shago mana."

"Na sayo. A zanena ta tofar."

"To ni me ya haɗa ni da uwarki?" Ta maida ƙofa garam.

Abin da ya haɗa su kuwa, kowa a gidan hayar nan ya sani, ko dai yana zaton ya sani. Tun da kayan shago suka fi ƙarfin aljihu, matan gidan suka koma yin komai da hannunsu: burodi, man gyaɗa, markaɗen tumatir. Yogot ne ya gagare su. Shi sai da iri, wato cokali guda na jiya a zuba cikin madarar yau, irin na shago kuma tsululu yake fitowa. Na Tsohuwar Bene, uwar Auta, sai ka kifa kwano bai zube ba. Shekara talatin tana renon irinta, ba ta taɓa ba mahaluki ko lakuta ba.

Bara waccan Matar Direba ta hau aron rariya, ta tarar tsohuwa na banɗaki, tukunya a bakin taga. Cokali ɗaya ta ɗiba, ta soke cikin mayafi. Tsohuwa ta fito ta ga ramin cokali, ta sauko tsakar gida tana ihun ɓarauniya. Matar Direba ta dafa kan 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya ta rantse, har da hawaye shaɓe-shaɓe. Mata suka ce gigin tsufa ne. Daga ranar aka daina hawa bene gaisuwa.

Yanzu tsohuwa ta yi sati uku a asibiti, kafin a dawo da ita gida irinta ya yi funfuna ya mutu. Wanda ya rage a duniya yana bayan kujerar Matar Direba.

Duk yinin ranar tari take ji ta saman rufinta. Tana yankan albasa tana mita: "Ta tafi mana, wa ya riƙe ta?" Tarin ya tsaya, ta ɗaga kai da wuƙa a hannu. Ya dawo. Ta ja tsaki, ta yaye bargon, ta cika kwano ta hau bene.

Ɗakin tsohuwa cike yake. Mutanen da suka shekara biyu ba su taka matakalar nan ba, da suka ji ƙamshin mutuwa duk sun hallara da fuskar tausayi. Suka bi kwanon da kallo.

Auta ta ɗiga wa uwarta a leɓe. Tsohuwa ta mamula. Sai ido ɗaya ya buɗe.

"Wa ya kawo?"

"Ni ce, Iya," in ji Matar Direba.

"Mai Kitso, kina nan? Matar Tela fa? Ku sa yatsa ku lasa." Ba wadda ta motsa. "Na ce ku lasa! To, wa ke gigin tsufa?"

Mai Kitso ta riƙe haɓa. "Da 'ya'yanki kika rantse fa, baiwar Allah."

Bakin Matar Direba dai bai mutu ba. "Sau uku na roƙe ki, Iya. Da kin ba ni, da duk ba a yi haka ba."

"In na ba ki, da me zan kama ki?" Tsohuwa ta buɗe baki aka ƙara mata. "Kuma kin lalata shi. Da zafi kike zubawa, ɓarauniyar banza. Ƙaramin yatsa ake tsomawa a madarar, in kin ƙirga goma bai ƙona ki ba, sannan. Ƙaro, Auta. Kar ki rage mata."

Tas ta shanye, tana haɗiya tana zagi. Washegari aka sake kai mata, ta ce gara na jiya. Kwana na uku da hantsi ta cika.

Matar Direba ta fito bakin famfo ta gaida mata, kowa ya duƙufa kan bokitinsa. Mai Kitso ta janye sabulunta kusa da ƙafarta. Haka ta tari ruwanta ta koma ɗaki.

Ta sauke madara daga wuta, ta zauna jiran ta huce. A sama ana jan gadon tsohuwa za a fitar, ƙafafunsa na kartar siminti. Ta tsoma ƙaramin yatsanta, leɓenta na motsi. A bakwai ta zare, ta hura yatsan, ta ci gaba da jira.