Sabon Kik a Ƙofar Asibiti

Mijin ƙanwata mutumin kirki ne, amma da ana sayen "sai gobe" da tuni ya yi arziki. Kik ɗin motarsa, abin nan da ke tayar da inji in an murɗa makulli, ya daɗe da mutuwa. Kullum sai maƙwabta sun tura shi. Ga ƙanwata da tsohon ciki, haihuwa yau ko gobe.

Na ce masa, "Ranar da naƙuda ta zo, ita za ta sauka ta tura ka?"

"Haba Yaya, ai na sayo sabo. Gobe zan ɗaura."

"Yau dai," na ce, na jawo kujera na zauna.

Ya cire kan batir, ya shimfiɗa kwali, ya shige ƙarƙashin motar. Wayoyi suka fita salin-alin, notin ƙasa ma haka. Na sama kuwa ya ce bai san zancen ba. Ya yi ta fama da sifana har ya sale yatsa. Da ƙyar tsohon kik ya fito, ya ɗaga shi yana washe baki kamar wanda ya kamo kifi. Daidai nan ƙanwata ta dafa ƙofa ta ce a hankali, "Yaya, bayana na ciwo."

Na miƙe na riƙe ta. Shi kuwa ya naɗe bakin wayoyin da tef, ya mayar da kan batir, ya jefa sabon kik a but. Tela da mai shagon unguwarmu suka tura, motar ta yi tari ta tashi.

A asibiti aka shige da ita, na bi ta, aka bar shi waje. Naƙudar ta yi tsawo. Da na leƙa ta taga, ƙafafunsa kawai na hango a ƙarƙashin motar. Tsoro ne ya hana shi zama, har tausayinsa ya kama ni.

Da na fito, ya gama ɗaurawa. Ya murɗa makulli, ta tashi bugu ɗaya. Ya kashe, ya sake murɗawa, bai yarda ya kalle ni ba.

Na ce, "Kashe motar nan, ka wanke hannu."

"Yaya, tana lafiya?"

"Su biyu dai. Zo ka ga 'yarka."

Ya kifa goshi a kan sitiyari yana kuka, hon na ta ƙara, har mai gadi ya taso.