Likkafani a Gonar Mwatime

Da hantsi teku ta janye ta bar fili fetal, Mwatime ta tattare zanenta ta shiga gonarta ta ciyawar teku. Tun rasuwar mijinta Kombo da wannan gona take rufa wa kanta asiri: turaku a kafe cikin yashi, igiyoyi a miƙe, ciyawa na reto a jikinsu.

Can a layin ƙarshe ta hango wani farin ƙyalle ya nannaɗe igiya. Ta ɗauka buhu ne ruwa ya kawo. Sai da ta kai hannu ta ga ƙullin da ke bakinsa. Ita ke yi wa matan ƙauyen wankan gawa, kuma hannunta ne ya ƙulla wannan, watan jiya, a kan tsohuwa Mwajuma. Likkafani ne, babu kowa a ciki.

Ta ɗaga kai ta dubi gaɓa. Tudun maƙabarta ya zabtare. Bishiyoyin kwakwa biyu suna kwance, saiwoyinsu na kallon sama.

Ta tarar da Shaame, ƙanin Kombo, yana toshe ɓarakar kwalekwalensa da auduga.

"A'a, shemeji, matar yaya! Yau da gudu? Ko kin yanke shawarar aurena ne?"

"Ajiye wasan nan. Tashi ka gani."

Ya dubi abin da ke hannunta, guduma ta suɓuce masa.

Suka hau tudun tare. Kabarin Mwajuma babu shi, sai iska a gurbinsa. Na Kombo ne yanzu a bakin gaɓa, ƙasa ta tsage a gefensa, tsagar da hannu zai shige. A ƙasa ruwa ya rarake gindin tudun kamar ɓera ya samu rogo.

"Katangar can ce," in ji Shaame, yana nuna ginin dutse da masu otal suka ja a bakin ruwa. "Igiyar ruwa ta daki katanga, ta rasa abin ci, sai ta zagayo ta gefe ta huce a kanmu."

"Katanga ce ta sare mikoko, itatuwan bakin teku?" Mwatime ta ce. "Da itatuwan nan suna tsaye cikin ruwa, ai a jikinsu yake karya ƙarfinsa. Ku kuka mai da su gawayi."

Bara ma mazan ƙauyen sun jera buhunan yashi da kututturan kwakwa a nan, iskar kusi mai busowa daga kudu ta taso, teku ta kwashe su kamar an yi mata sadaka.

Aka kira Shehe Faki, limamin ƙauyen. Ya daɗe yana kallon tsagar, leɓensa na motsi.

"Lalura ce," ya ce. "Ku tone Kombo, a sauya masa makwanci. Amma ku hanzarta, 'ya'yana. Wata ya tsaya, ruwan yau babba ne."

Maza suka kawo shebur da fatanya. Mwatime ta koma gindin mangwaro tare da mata, inda take ganin bayansu kawai, da teku a bayan nasu. Da farko wani farin zare ne can nesa. Kafin ramin ya kai gwiwa, zaren ya zama layin kumfa, ya shafe turakun gonarta ɗaya bayan ɗaya. Ba ya sauri, ba ya kuma tsayawa.

Igiyar ruwa ta fari ta daki gindin tudun. Mwatime ta ji dukan a tafin ƙafarta.

"Shaame, fito!" wani ya yi ihu. "Ƙasar na motsi!"

"Ba zan bar yayana ga kifi ba!"

Ya sunkuya cikin ramin, ruwa na tsattsafowa ta ƙarƙashinsa. Ya riƙa miƙo ƙasusuwan da ya samu, Shehe Faki na karɓa cikin sabon farin yadi. Igiya ta sake duka, tsagar ta buɗe baki. Aka kama hannayensa aka fizge shi, rabin ramin ya sulale ya bi ruwa, har da shebur.

Abin da aka naɗe bai fi a rungume shi da hannu ɗaya ba. Shaame ya wuce ta gabanta da shi, laka har ƙugu, ya kasa haɗa ido da ita.

"Duka ne?" ta tambaya.

"Abin da Allah ya ba mu ne, shemeji."

Suka nufi can nesa da ruwa, wajen gonakin rogo, don a sake binne shi. Sauran mutane suka tsaya cirko-cirko, kowa na auna tazarar kabarin ɗan'uwansa da bakin gaɓa.

Mwatime ta koma gida don ta dafa shayi ta kai wa masu haƙar. Gidanta ne na farko bayan maƙabarta. Ta zura guga a rijiyar tsakar gida, ta jawo, ta kamfata da tafi ta kai baki. Ta furzar. Ta sake jawo wani, ta ɗanɗana a hankali.

Gishiri.

Ta tsaya riƙe da igiyar guga, tana jin dukan ruwa ta bayan danga.