Kifayen Malam Mato

Tun da ciwon ƙafa ya zaunar da Malam Mato a gidansa na Rano, 'yarsa Adawiyya, wadda ke aikin jinya a Kano, ta kawo masa akwatin gilashi mai kifaye don su riƙa ɗebe masa kewa. A ƙarƙashin akwatin akwai ƙaramin tanki cikin kabad. Nan ruwa ke sauka a tace shi, sannan famfon lantarki ya mayar da shi sama ta bututu.

Sai dai da an ɗauke wuta famfon ya tsaya, ruwan sama yakan juyo ta bututun, ya cika tankin ƙasa har ya malale falo. Matarsa Hajiya Fanta ta gaji da shanya darduma, ta ce ko dai a fitar da abin ko ta daina shiga ɗakin.

Wata Asabar Adawiyya ta zo gida, ta kira wanda ya sayar mata da akwatin a waya. Ya ce bakin bututun ya nutse da yawa, shi ya sa yake zuƙo ruwa. A huda shi kaɗan dab da saman ruwa don iska ta shiga, kuma a daina cika tankin ƙasa.

Da Malam Mato ya ji haka, sai ya yi dariya.

"Ai wannan dabarar Yaya Gwadabe ce," in ji shi.

Ya ba ta labarin ƙuruciyarsu a Kibiya, lokacin da suke noman rani a gonar mahaifinsu. Da tiyo suke janyo ruwa daga kududdufin da ke kan tudu, Gwadabe ne mai zuƙa da baki. In ya gaji yana son su tafi kamun tarwaɗa, sai ya ɗaga bakin tiyon a ɓoye, iska ta shiga, ruwa ya yanke, ya ce wa mahaifin nasu wai kududdufi ya ja baya. Gwadabe ya daɗe da rasuwa, Adawiyya kuwa ba ta taɓa jin mahaifinta ya yi zancensa haka ba.

Ta gasa ƙusa a wuta ta huda bututun, ta rage ruwan ƙasa, sannan ta kashe famfon da kanta. Ruwa ya ɗan sauka, bututun ya yi ƙara kamar mai shaƙuwa, ya tsaya. Ko ɗigo bai zuba ba.

"Adawiyya, gobe ki kai ni Kibiya."

"To, Baba."

Washegari suka tafi har da Hajiya Fanta. An gina gidaje a rabin gonar, kududdufin ma an cike shi. Malam Mato bai iya sauka daga mota ba, ta taga ya riƙa nuna musu inda suke shuka albasa. Daga nan suka wuce gidan Mahdi, babban ɗan Gwadabe, wanda ya rantse ba za su tafi ba sai sun ci abinci. Sai bayan la'asar suka kamo hanyar Rano.