Akuyar Lilo

Duk wanda ya san Sajo na Kutama ya san ba maƙaryaci ba ne, ba kuma marowaci ba. Aibinsa ɗaya ne tak: hannunsa ba ya iya sakin igiyar dabba mace. Kakanninsa makiyaya ne. Shanu sun ƙare tun zamanin mahaifinsa, an zauna an kama fartanya, amma halin bai tafi da shanun ba. Matarsa Hauwa ta fi kowa sanin haka, don ita ta sha wahalarsa.

Abin ya faro ne da wata ƙaramar Sallah. Maƙwabciyarsu Malama Lai'atu, mutuniyar Filato da ke koyarwa a firamaren garin, ta kai 'yarta Emily wurin wasan yara a Kano. Yarinya ta dawo da baki har kunne, ta zauna a tsakar gidan Hauwa tana ba da labari: akwai dawakai masu fenti da ke juyawa suna hawa suna sauka, ana yi musu kiɗa, a cikinsu akwai wani fari mai jan sirdi. Zinnira, babbar 'yar Hauwa, ta saki baki tana ji. Kwana da kwanaki ba ta da zance sai farin doki, har Sajo ya gaji ya ce, "Sallah mai zuwa ni zan kai ki da kaina, ke da Innarki da ƙaninki Mahbub. Na faɗa."

Hauwa ta san Kano ba bayan gida ba ce. Akwai kuɗin mota daga Gwarzo zuwa da dawowa, akwai na shiga, kowane lilo kuma da nasa tikitin, ga ciki ba ya jiran a dawo gida. Ta ce a sayi asusu, ko ta shiga adashen matan unguwa.

"Asusu?" in ji Sajo. "Me kuɗi za su ci a cikin asusu su ƙaru? Yadda kika sa su haka za ki same su, in gara ba ta riga ki ba."

Da ya sayar da gyaɗarsa sai ga shi da 'yar akuya ja, budurwa, ya ɗaure ta a turke ya ce wannan ita ce kuɗin lilo.

"Malam, da taure ka sayo."

"Taure ban da ci me ya iya?"

"Ya iya sayuwa," in ji Hauwa. Sajo ya yi kamar bai ji ba.

A ranar ne Malama Lai'atu ta leƙo ta ja Hauwa gefe. Ta ce, "Maman Zinnira, kada ku daɗe fa. A ƙofar dawakan nan akwai allo da jan layi. Yaron da kansa ya wuce layin ba a barinsa ya hau." Da yake ta auna layin da jikinta, ta sa aka yanko karan dawa daidai tsawon, ta ba su. Aka tsayar da Zinnira kusa da karan. Da sauran faɗin tafin hannu. Yarinya ta karɓi karanta ta ɓoye a bayan gadon uwarta kamar wata dukiya.

Shekara ta zagayo, azumi ya zo ƙarshe, Hauwa ta ce to, a kai akuya kasuwa. Sajo ya durƙusa ya shafa cikin akuyar, ya ɗago yana murmushi. Ciki gare ta. Wane mai hankali ne zai sayar da akuya da ciki a kuɗin guda ɗaya? A bari ta sauka, da babbar Sallah sai a tafi. Ta sauka, ta haifi biyu, mace da namiji. Babbar Sallah ta zo, 'ya'ya na shan nono. Wane mara imani ne zai raba uwa da 'ya'yanta? A bari a yaye su. Kafin a yaye su ta sake ɗaukar wani cikin.

"To ga ɗan bunsurun nan," in ji Hauwa. "Shi ma ciki gare shi?"

Da ƙyar, da fushi, da kwana biyu na gaisuwa a taƙaice, ta sa ya ja bunsurun zuwa kasuwar Gwarzo. Ta wanke wa yara kaya, ta soya gyaɗar guzuri. La'asar sakaliya sai ta ji kukan akuya a ƙofar gida. Sajo ne ya shigo riƙe da igiya, a ƙarshen igiyar wata baƙar akuya da 'yarta.

"Na sayar da shi, Hauwa, wallahi na sayar. Kuɗin na aljihuna ina hanyar fita, sai ga wani bawan Allah daga Madadi, matsuwa ta same shi, yana neman ya bayar da wannan a banza. Dube ta fa. Dubi hantsarta."

Hauwa ba ta dubi hantsa ba. Ta shiga ɗaki ta sauke labule.

Haka kuɗin lilo ya zama garke, duk mata, kowace da dalilin da ya hana a sayar da ita. Wannan tana da ciki, waccan tana shayarwa, waccan kuma irin kirki ce, ba a fitar da irinta daga gida. Kuma kada wani ya ɗauka Sajo ne ke wahalarsu. Shi yana gona. Hauwa ce mai jiƙa dusa, ita ce mai shara, ita ce mai kora. Sun cinye mata barkonon da ta shanya, sun cinye kuɓewa, sun tsallaka danga sun yi wa alayyafon Malama Lai'atu aski, sai da ta je ba da haƙuri kanta a ƙasa. In ta yi magana Sajo ya tsaya a bakin turke ya harɗe hannu a baya, ya ce, "Ke dai ba ki da godiya. Da asusunki aka bi, da yanzu muna da wannan?"

"Da yanzu mun je mun dawo har mun manta."

Ita kuwa Zinnira ta daina tambaya. Sai dai Hauwa takan gan ta da safe ta ɗauko karan ta jingina da bango, ta tsaya ta ɗora hannu a kanta ta juyo ta duba. Tafin hannu ya koma yatsa uku. Yatsa uku ya koma ɗaya. Yaro ba ya jiran akuya ta yaye 'ya'yanta, wannan ko mahaukaci ya sani, amma Sajo bai lura ba.

Da damina ta biyu Hauwa ta ga yarinyar tana ramewa. Wuya ya yi tsawo, zane ba ya zama a ƙugu. Ta ba ta maganin tsutsar ciki, ta jiƙa mata sassaƙe, ba canji. Abin mamaki, kwanonta kullum a share yake dawowa. Wata rana da azahar ta zuba mata tuwo, ta yi kamar za ta shiga maƙwabta, ta laɓe a zaure. Zinnira ta waiga hagu da dama, ta ɗauki kwanon ta nufi turke, ta tsuguna gaban jar akuyar tana gutsura mata tuwon loma-loma.

"Ke! Me nake gani haka?"

Yarinya ta zabura, kwano ya faɗi.

"Tun yaushe kike wannan? Nonon da nake ba ki fa?"

"Mahbub nake ba wa." Ta sunkuyar da kai. "Inna, in na ci girma nake yi. Saura kaɗan na kai karan. Ita kuwa in ta ci, kuɗinta ne zai ƙaru, sai Baffa ya yarda ya sayar."

Hauwa ta ɗaga hannu za ta make ta, hannun ya tsaya a sama. Ba yarinyar ce ta cancanci duka ba.

Da Sajo ya dawo daga gona ya ajiye fartanya, kamar kullum turke ya fara nufa kafin ya sha ruwa. Sai ya tarar da Zinnira tsaye a tsakiyar awaki, Hauwa a gefe riƙe da karan dawa.

"Sannu da zuwa, Malam. An kawo sabuwa, ka duba min ita. Kai ne masanin dabba. Daga nesa kake gane wadda ba ta ci ba, daga tafiya kake gane mai ciki. To duba min wannan, ka faɗa min ko tana samun kiwo."

"Wane irin wasa ne wannan, Hauwa?"

"Ka ga alamar wasa a fuskata? Duba ta."

Ya duba. Ya kama tsintsiyar hannun yarinyar, yatsunsa biyu suka zagaye ta har da saura. Ya ja fatar idonta ƙasa ya ga ta yi fari. Ya taɓa ƙashin wuyanta. Hauwa ta faɗa masa inda tuwon ke zuwa da dalilin zuwansa, ba ta rage komai ba, sannan ta tsayar da karan kusa da yarinyar. Ko tsinke ba zai shiga tsakani ba.

Sajo ya dubi karan, ya dubi yarinyar. Can ya ce, "Da Sallah..."

"Babu Sallah. Malama ta ce ana buɗewa kowace Asabar. Ranar kasuwa jar za ta tafi."

"Jar tana da ci..."

"Na sani. Kullum tana da shi. Da shi za ta tafi, mai saye ya ji daɗi. Kuma ba kai kaɗai za ka je ba."

Ta roƙi Malam Shadrak, mijin Malama Lai'atu, ya raka shi a babur, ta ce masa, "Don Allah Malam, da an miƙa masa kuɗi ka fito da shi. Ko wa ya ce masa matsuwa ta same shi, kada ka bari ya tsaya." Malam Shadrak ya yi dariya har da riƙe ciki, amma ya cika amana. Daga baya ya ba da labari cewa sau biyu Sajo yana karɓe igiyar daga hannun dillali, a na uku sai da ya juya baya kafin a ja akuyar.

Ranar Asabar suka ɗauki motar Kano daga Gwarzo. Zinnira ta sha kitso, duk hanya hannunta na cikin na uwarta. Wurin ya fi yadda Emily ta faɗa. Ga kiɗa, ga yara, ga dawakai na juyawa, ga farin nan da jan sirdinsa. Ga kuma allon.

Mai karɓar tikiti ya ce ta jingina. Ta jingina, ta ɗan lanƙwasa gwiwa a cikin zane.

"Miƙe, 'yan mata."

Ta miƙe. Kanta ya haura jan layi da yatsa guda.

"Ɗankwalinta ne," in ji Sajo. Aka cire. "Kitson ne ya yi tudu. Takalman ne. Ɗan samari, daga Kutama muke fa, bayan Gwarzo."

"Baba, ka yi haƙuri, ba ni na sa dokar ba. In na bar ta, aikina ne zai tafi. Ƙaramin dai ya shiga."

Aka ɗora Mahbub a kan farin doki, shi da bai taɓa neman sa ba, yana ta ihu yana ɗaga hannu. Zinnira ta riƙe ƙarfen shinge tana kallo. Ba ta yi kuka ba. Hauwa ta so a ce kukan ta yi, da ya fi sauƙi. Ta juya ta dubi mijinta, shi kuwa ya rasa inda zai sa idonsa.

Mai tikitin ya nuna can gefe, inda wata ƙatuwar ƙafa ta ƙarfe mai kama da ta keke ke juyawa da kujeru, tsawonta ya fi rimi. "Waɗanda suka wuce layi can suke hawa. Amma sai da babba a kusa da ita."

"Malam zai hau," in ji Hauwa.

"Ni? Hauwa, ni ko kan rumbu ba na..."

"Kai ka ce za ka kai ta da kanka. A gabana ka faɗa."

Ya hau. Hauwa na ƙasa rataye da jaka, riƙe da Mahbub, tana kallon mijinta yana tafiya sama ido a rufe, hannu ɗaya a kan hula, ɗaya ƙanƙame da ƙarfe, bakinsa na karanto duk abin da ya haddace tun yana yaro. Da kujerar ta kai ƙololuwa sai ta jiyo wata murya da ta kwana biyu ba ta ji ba. Zinnira ce ke ƙyalƙyala dariya, tana jijjiga hannun ubanta tana cewa ya buɗe ido ya ga Kano.

Da suka sauko Sajo ya nemi dakali ya zauna.

"Baffa, a sake!"

Ya dubi Hauwa da idon neman ceto. Ta kwance bakin zaninta. "Akwai saura. Ai da ciki aka sayar da ita."

Ya sake hawa.

A hanyar fita Zinnira ta ci shinkafarta tas, ta ƙara da ta uwarta. Amma da suka zo wucewa ta gaban dawakan ta rage tafiya, ta bi farin da kallo har ya zagaya ya ɓace, sannan ta ja hannun Mahbub suka wuce. Sajo ya gani. Da mota ta fita daga gari sai ya juyo wajen Hauwa.

"Shi wannan," ya nuna Mahbub da ke barci a cinyar uwarsa, "kafin ya kai layin ya kamata a sake kawo shi. Akwai 'yar jar nan, sai in ware masa ita, kin ga zuwa baɗi..."

"Taure," in ji Hauwa, ba ta ko juyo ba.

Sajo ya buɗe baki, ya dubi wuyan 'yarsa, ya rufe.

"Taure," ya ce.