Masu Jira a Ƙofa

Tun da mijina Kaaleeraq ya rasu, 'yata Arnajaraq ta hana ni sakat. Kullum sai ta bugo waya daga Nuuk, babban birninmu, wai in tattara in koma wurinta kafin teku ta daskare. An sayar da tumaki, maƙwabta sun tashi, gadin me nake yi? Na ce mata gidan da ubanta ya gina da hannunsa nake gadi. Da ta matsa sai na ce ranar da zan cika saba'in zan yi kaffemik, in buɗe ƙofa kowa ya zo shan kofi. In gida ya cika ina nan, in bai cika ba ta aiko a ɗauke ni. Baki shi ke yanka wuya.

Na gasa kek da burodi mai zabibi, na dafa miyar rago, na jera kofunan aurena, na ɗaga tuta, alamar ana biki a gidan. Na san kaka ce, masu sauran gonaki suna kan duwatsu suna tattaro tumaki, amma na ce ai ba za a rasa masu zuwa ba. Har rana ta yi tsaka shiru, kamar an aiki bawa garinsu. Kofi ya huce, na sake ɗorawa.

Can sai ga jirgin ruwan Maliina, 'yar wani abokin mijina, mai kawo baƙi kallon kangon mutanen Norse, Turawan da suka zauna nan a zamanin da, wanda ke bayan gidana. Bangon coci ne na dutse, ba rufi, sai tushen dogayen ɗakuna da ciyawa ta binne. A da tumakinmu ne ke fakewa a ciki in iska ta taso, amma mutane sukan taso daga uwa duniya don su ɗauki hotonsa. Na daɗe ina yi musu dariya. Ran nan kuwa da kaina na gangara, ba ko kunya, na ce duk su shigo.

Suka tuɓe takalma a ƙofa, suka cika kujeru. Wani tsoho mai jan hanci ya zauna a kujerar Kaaleeraq yana ta loma, ban kuwa ji haushi ba. Ba na jin yarensu, amma ɗakin ya yi ɗumi, cokula suna ƙara. Daɗi ya kama ni har na kusa kuka.

Ban gama zuba zagaye na biyu ba Maliina ta yi musu magana, sai duk suka miƙe. Na tambaye ta ko lafiya.

"Al'ada na koya musu, Inna. An ci an sha, sai a tashi a ba masu jira a ƙofa wuri. Kada ki ce na kwaso miki marasa tarbiyya."

Gaskiyarta, ni ma haka na koya wa 'yata. Ƙofata dai ba kowa, amma mai gida ba ta cewa a ƙara zama. In ta ce, ta shaida wa duniya ke nan ba ta da sauran masu zuwa. Na haɗiye maganar, na ce Allah ya yi mata albarka.

Na raka su kangon. Wata mata ta yi tambaya, Maliina ta fassara mini: ina mutanen da suka gina wurin suka tafi? Maliina ta ce musu har yau masana ba su daidaita ba, ko sanyi ne, ko jiragen da suka daina zuwa. Ni dai ina da nawa zaton. Ba rana ɗaya ake watsewa ba. Wannan ya tafi, wancan ya bi shi, har a bar wata tsohuwa mai taurin kai tana leƙen teku.

Jirgin ya tafi. Na bar tuta a sama har la'asar sakaliya, ba wanda ya ƙara zuwa. Ina wanke kofuna Arnajaraq ta bugo.

"Mama, gida ya cika?"

Da na ce eh, da ban yi ƙarya ba. Na dubi kujerun, an mayar da kowace mazauninta tsaf.

"Ya cika da masu wucewa," na ce. "Ki haɗo mai zuwa ɗaukata da kwali mai ƙwari. Kofunan nan ba sa son jijjiga."