Sunan Gidan Hatakeyama

Sumie ta tuɓe takalmanta a ƙofar gidan kula da tsofaffi na Omagari, ta zura silifas ɗin baƙi. Sama da awa uku ta yi a jirgin ƙasa daga Tokyo tana bitar yadda za ta faɗa wa mahaifinta: ƙungiyar masu binciken garkuwar jiki ta ba ta lambar yabo, kuma masana sun ambaci aikinta sau dubu goma sha ɗaya a rubuce-rubucensu. Shekararta hamsin da tara, farfesa ce, amma ba abin da ranta ke so kamar tsohon nan ya ce mata sannu da ƙoƙari.

"Yau da sauƙi," in ji Onodera, matar da ke kula da shi. "Ya cinye shinkafarsa tas, har ya samu bakin zagin miyar."

Mahaifin nata, tsoho Hatakeyama, yana zaune a bakin taga, yana kallon wajen kogin Omono. A gaɓar kogin nan wani ɗan mitsitsin ƙwaro ya ciji matarsa tana yankan ciyawa, zazzaɓi ya ɗauke ta cikin mako biyu, Sumie tana 'yar shekara tara. Ciwon nan ne ya kai ta ɗakin bincike, shi ne kuma ya hana ta zuwa gida sai jefi-jefi.

"Baba, na zo."

Ya dube ta sama da ƙasa. "Daga ofishin gunduma kike? Na ce muku gonar ba ta sayarwa ba ce."

Ta buɗe masa ɗan littafin bikin ba da lambar yabon, ta yi masa bayanin lambar da yawan masu ambaton. Ya sa tabarau ya bi sunan da yatsa.

"Kurihara Sumie. Kurihara? Ba 'yan nan ba ne."

Gaskiyarsa. Sunan tsohon mijinta ne, wanda ta ɗauka ranar aure kamar yadda doka ta ce. Mijin ya kama gabansa shekara goma sha biyar da suka wuce, sunan kuwa ya zauna daram, don kusan duk rubuce-rubucenta na bincike a kansa suke rataye. In ta koma sunan gidansu, masu ƙidayar ambato sai su ɗauke ta sabuwar shiga.

"Amma kin ci sunan 'yata," in ji shi. "Ita ma aikin ƙwaron take yi, a Sendai. Onodera, jawo mini durowar nan."

Takarda ce mai shafi huɗu, ta yi ja don tsufa. Rubutun Sumie na farko, tun tana ɗaliba kafin aure, a kan jinin manoma arba'in na ƙauyensu. Shi ya riƙa jan ta gida-gida yana lallashin maƙwabta su miƙa hannu a ɗiba. Tun da ta yi suna ba ta taɓa ambaton takardar ba, kunyarta take ji, don ƙaramin aiki ne, har da kuskure a ciki.

"Turancin ba na iyawa, amma ga sunanmu nan," ya ce. "Ita mutum nawa suka ambace ta?"

"Uku."

"Uku! Ke dubu goma sha ɗaya, ita uku?" Ya yi tsaki. "Mutanen Tokyo ba su da kirki."

Ya shafa takardar. Can sai ya dafa gwiwoyinsa, ya sunkuyar da kai ƙasa, irin sunkuyawar da bai taɓa yi wa kowa ba a ƙauye.

"Malama, ke babba ce. Yarinyar nan ba ta da uwa, ba ta da kowa a can. In za ki sake rubutu, ki sa sunanta ko sau ɗaya. Ko a can ƙasa ne, inda ake sa ƙananan."

Onodera ta juya ta hau gyara labulen da ba abin da ya same shi. Kewar mahaifinta ta kama Sumie, ga shi kuwa a gabanta, taku ɗaya tsakaninsu. Ta sunkuya fiye da shi.

"Zan sa. Na san aikinta."

Ya ɗago da sauri. "Kin san ta? Kuna haɗuwa?"

"Wani lokaci."

"To ki faɗa mata," ya ce, ya mayar da idonsa wajen kogin, "ba sai ta gama ba. Ta zo haka nan."